Mai Zubi da Ƙarfen da Ke Narkewa a Tafin Hannu

Shekara arba'in da ɗaya babana ya yi yana zubi, kuma a tsawon shekarun nan babu abin da ya fita daga rumfarsa bai bi ta tafin hannunsa ba. Tukunyar dalma ce, ludayi ne, murfi ne, ko wani ɗan ƙarfen injin niƙa da ya karye aka rasa irinsa a kasuwa, in ya fasa yashin da ya zuba shi a ciki ya ciro shi sai ya bari ya huce, sannan ya rufe ido ya bi shi da babban yatsa lungu-lungu. Mai kaya yana tsaye yana duba agogo, ko a jikin Baba. In yatsan ya tsaya a wani wuri, shi ke nan, abin ya koma wuta. Ya sha gaya mana cewa ƙarfe yakan ɓoye iska a ƙarƙashin fata mai sheƙi, ido ba zai gani ba, amma wurin yakan ɗan lotsa, kuma yatsa yana jin lotsawar.

Mai Zubi ake ce masa a unguwa, har Inna haka take kiransa in ya ɓata mata rai. Ni ce autarsa. Bai taɓa barina na matsa kusa da wuta ba. Yayana ne Baba ya koya wa aikin, shi kuwa Yaya da ya tasa sai ya ajiye awartaki ya kama tuƙin babbar mota, bai ƙara waiwayar gawayi ba. Baba ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai. Daga baya kayan kamfani suka cika kasuwa, aiki ya ja baya, sannan aka zo faɗaɗa titi aka bi ta kan rumfar. Ranar da aka rushe ta, zuga-zuginsa kawai ya ɗauko ya dawo gida.

Shekara huɗu ya yi a kan benci a ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa. Lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha, amma kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi a cikin riga. Ya rage magana, ya daina gardamar da aka san shi da ita. Abin da ya rage masa shi ne ya shiga kicin ya ɗauki ludayin Inna ya shafa, ya ce na kamfani ne, akwai iska a wuyansa. Har ta kai Inna tana ɓoye kayan girkinta in ta ji takunsa. Muna yi masa dariya, amma ni tsoro nake ji. Na san in ba a samo wa mutumin nan abin yi ba, a kan bencin nan za mu rasa shi.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a hawa na biyu, ƙarshen baranda. Ba wata babbar ma'aikaciya ba ce ni. Ina wanke kwalabe, ina kula da sito, ina kwaɓa wata roba mai ruwa da ake haɗa kashi biyu ta daskare ta yi laushi. Shugabarmu Dakta ce, mace mai sanyin magana wadda in ranta ya ɓaci sai ta ƙara yin ƙasa da murya. Safar hannu take son yi domin masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon gaɓɓai, wadda in mutum ya sa, kwamfuta za ta nuna iya lanƙwasar kowane yatsa, ko da motsin bai kai ido ya gani ba. Wayar tagulla ba ta yi, in aka yi ta lanƙwasa ta sai ta karye. Shi ya sa Dakta ta koma ga wani ƙarfe da ake kira galiyom.

Ƙarfen nan fari ne fat, yana sheƙi, amma ɗumin jikin mutum ma ya isa ya narkar da shi. Sai a zuƙe shi da sirinji a tura cikin wani ɗan mazubi da inji ya fitar, a sa a firij ya daskare, a fasa a ciro shi da siffarsa: siraran wayoyi kamar zare, wasu a murɗe, wasu sun haye wasu ta sama ba su taɓa juna ba. Daga nan ni zan zuba robata a kai tun yana da sanyi. In robar ta kama, ƙarfen ya narke a ciki abinsa, ba shi da hanyar fita. Ka ja, ka murɗa, ka naɗe, wutar lantarki tana bi, domin ruwa ba ya karyewa. Haka abin yake a takarda. A kan teburinmu kuwa, wata bakwai muka yi ƙarfen yana ƙin cika mazubin, kullum sai an sami reshen da ya tsaya a rabin hanya.

Wata rana na tafi gida da mazubi ɗaya da aka jefar, don kawai Baba ya sami abin juyawa a hannu. Ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya hura bakinsa, ya kara a kunne. Gida yake ce wa mazubi. Ya tambaye ni wane ne ya gina gidan nan, na ce inji. Ya ce ai da gani.

"To, Auta, ƙarfe ya shiga ta nan. Iskar da ya tarar a ciki ta ina za ta fita?"

Na ce ban sani ba. Ya aiki Inna ta kawo masa allurar ɗinki, ya huda wurare uku, ya ce in kai wa masu ilimin su gwada. Washegari ƙarfen ya cika kowane reshe. Dakta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ko mahaifina zai yarda ya hau bene.

Haka Baba ya fara aiki yana da shekara sittin da takwas, da farar riga a kan tasa da kati rataye a wuya. Ranar farko Dakta ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla, ta ba shi hantsaki, ta ce da shi kaɗai ake ɗaukar zubi, ba a taɓawa da hannu. Ya gyaɗa kai. Ɗakin yana da na'urar sanyi da ba a kashewa, shi da ya ƙare rayuwarsa a gaban wuta sai ga shi da rigar sanyi da rana tsaka. Ya ce a duniya bai taɓa ganin maƙerar da ake rawar ɗari a cikinta ba. Wani lokaci ƙarfen yakan ƙi daskarewa ko ya wuni a firij, sai an taɓa shi da ɗan guntun da ya riga ya daskare. Wannan ya ba Baba dariya ƙwarai, ya ce ƙarfen nan halin mutane gare shi, sai ya ga ɗan'uwansa ya yi sannan ya yi.

Cikin wata biyu ya dawo mutum. Ya koma gardama da maƙwabta, ya ƙyale ludayin Inna. Shi yake riga ni shiryawa da safe, yana tsaye a ƙofa yana cewa matan zamani ba su san lokaci ba.

Sai aka zo zubin safa cikakkiya, yatsu biyar a haɗe a wuyan hannu, zubi ɗaya. Masu gashin ƙashi na asibiti za su zo ranar Alhamis su gani. Mako uku muka yi a kai, sau goma sha takwas yana lalacewa, kuma kowane mazubi sau ɗaya ake amfani da shi, don sai an fasa ake cirowa. Na goma sha tara ya fito ranar Laraba da hantsi, babu inda ya yanke. Ina can gefe da kofin roba a hannu ina motsawa. Na ga Baba ya ɗaga shi da hantsaki yana murmushi. Na ga ya ajiye hantsakin. Kafin in buɗe baki ya ɗora zubin a tafinsa, ya rufe ido, babban yatsa ya fara tafiya.

Ba da gangan ya yi ba, wannan zan iya rantsewa a kai. Hannun ne ya yi abin da ya saba shekara arba'in da ɗaya in aiki ya yi kyau. Da ya buɗe ido, yatsu uku sun riga sun zama ɗigo suna gangarowa ta gefen hannunsa suna faɗuwa a tebur. Tafin ya yi toka-toka. Ya tsaya yana kallonsa, bai ko goge ba.

Dakta ta fita baranda ta buga wa mutanen asibiti waya ta ɗaga zuwansu. Da ta dawo, muryarta da ƙyar ake ji.

"Baba, ƙarfen nan ba ya son ɗumin mutum. Ina son ka ci gaba da aiki da mu, amma sai ka yi mini alkawari ba za ka ƙara taɓa shi da hannu ba."

"Dakta, na ɓata miki aiki, ki yafe mini," in ji shi. "Amma ba zan yi alkawarin da hannuna bai sa baki a ciki ba. Kuma kafin ya narke na ji lotsawa a gindin yatsa na huɗu."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ƙona mini rai. A hanyar gida na faɗa masa abin da 'ya za ta iya faɗa wa uba, na ɗan ƙara kaɗan a kai. Na ce ni na kawo shi, ni zan sha kunya, ya ɓata aikin mako uku kuma yana neman ɗora wa ƙarfe laifi. Na ce alkawarin me ne ne wahalarsa, kalma ɗaya ce. Ya bar ni na gama, sannan ya ce bai taɓa sallamar aikin da bai taɓa ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Washegari na fito na tarar da shi a kan benci, hannuwa a kan gwiwa. Na wuce ban ce masa taso ba, kuma har yau in na tuna ina jin nauyin abin.

Kwana tara ya yi a zaune. A rana ta goma na fito na gan shi tsaye a ƙofa da rigar sanyinsa, riƙe da kwanon roba da ɗan tawul. Bai yi mini bayani ba, ni ma taurin kai ya hana ni tambaya. Da muka isa ya gaida Dakta, ya roƙi a ba shi ƙanƙara daga firij da zubi goma daga cikin waɗanda muka yi bayan tafiyarsa, waɗanda duk an auna su da mita an duba su da madubin ƙara girma an ce lafiya lau. Ya zuba ƙanƙarar a ruwa, ya tsoma hannun dama, ya ƙirga sittin. Ya ciro ya goge tsaf, ya ɗan jira. Ashe kwana taran nan abin da yake gwadawa ke nan a bayan gida, da ruwan sanyi da guntun kyandir. Hannu in ya yi sanyi ƙwarai ba ya jin komai, in ya yi ɗumi kuma ya narkar da aiki. Amma ji yakan riga ɗumi dawowa, kuma tsakaninsu akwai numfashi uku. A cikin numfashi ukun nan yake bin zubin da yatsa ya ajiye.

Ya ware huɗu daga cikin goman, ya ce akwai iska a ciki. Dakta ba ta yi musu ba, ta sa na zuba roba a kan duka goman, aka ɗaura su a injin da ke ja yana saki. Kafin a tashi aiki uku daga cikin huɗun sun yanke, sauran shidan ko gezau. Na huɗun bai yanke ba. Dakta ta ce to Baba, wannan dai ka zalunce shi. Ya ce a ba shi lokaci. Har yanzu zubin yana ajiye a kan kantar ɗakin, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai an nuna masa wayar da Baba ke jira ta mutu.

Daga ranar kwanon ya sami wurin zama a gefen tebur. Shekara biyu da wata biyar babu zubin da ya shiga robata bai bi ta ƙarƙashin yatsan Baba ba, wata rana sau talatin yake tsoma hannu. Safar ta kai asibiti, aka fara sa wa marasa lafiya. Ya taɓa raka mu sau ɗaya, ya ga wata tsohuwa da hannunta ya shanye tana kallon layi yana motsi a allon kwamfuta, ana ce mata wannan yatsanki ne. Ta yi ta kuka. Baba ya fita waje ya tsaya, da muka fito ya ce tukwanensa sun ciyar da mutane da yawa amma babu wadda ta taɓa sa wani kuka.

Ni na fara lura da yatsunsa. Da safe sai ya daɗe yana murza su kafin ya iya riƙe kofi, gaɓɓan suka kumbura, suka fara karkacewa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne na tsufa, ba ruwan sanyi ya kawo shi ba, sai dai yana tsananta ciwon. Ni dai ban yarda ba, hannun dama ya fi lalacewa, kuma na san wanda ake tsomawa. Na ɓoye kwanon a sito, ya samo wani. Na kai ƙara wurin Dakta, ita kuma ta hana shi da kanta, ta ce hudar iska kawai zai riƙa yi. Wannan karon bai yi gardama ba. Bayan wata uku allurar ma ta gagare shi riƙewa. Wata safiya ya ce in tafi kawai, me zai je ya yi. Ya ninke farar rigar ya ba Inna ta ajiye, ya koma benci.

Na ce wa kaina na ceci hannunsa. Amma ina ganin rigar ta sake yi masa yawa, kuma na san inda abin zai kai.

Dakta ce ta ce a kawo shi a auna yatsun da safar, mai gashin ƙashi za ta zo ɗakinmu ta tsara masa motsa hannu. Da ƙyar ya yarda. Muka zo da safe, ya zauna a kujerarsa ta da, yana kallon gefen tebur inda kwanon yake zama. Na sa masa sabuwar safa, cikin waɗanda muka zuba bayan ya bari. Aka ce ya dunƙule hannu iya ƙarfinsa. Layuka huɗu suka ɗan ɗaga a allo, na yatsan tsakiya yana kwance. Aka sake, haka. Mai gashin ƙashin ta rubuta wani abu, a hankali ta ce wannan yatsan ya riga ya ƙage, sai a mai da hankali ga sauran.

"Yatsana yana motsi," in ji Baba. "Kaɗan ne, amma ina jinsa. Zubin ne ya yanke. Wannan ban taɓa shi ba."

Mai gashin ƙashin ta kalle ni irin kallon da ake yi wa 'ya'yan tsofaffi. Dakta ta tashi ta buɗe kabad ta ɗauko tsohuwar safa ta zamanin kwano, wadda robarta har ta fara yin rawaya. Na cire waccan na sa masa wannan. Ya dunƙule. Layi na uku ya ɗaga, ɗan kaɗan, amma kowa ya gani. Dakta ta tsaga sabuwar da reza a ƙarƙashin madubi, ta sami wurin da iska ta raba ƙarfen biyu a gindin yatsa. Ta ajiye rezar ta zauna. Na san abin da take tunani, domin ni ma shi nake tunani: safa nawa irin wannan muka aika asibiti, kuma mutum nawa aka gaya wa yatsansa ya mutu.

Baba ya miƙo mini hannu in cire masa safar. Da na cire sai ya ce, "Auta, ɗauko kwanon."

Na ce a'a. Ya sake faɗa, na sake cewa a'a, na ce ko Dakta ta yarda ni ban yarda ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya mai da hannuwansa kan gwiwa, daidai yadda yake yi a benci. Wannan ne ban iya jurewa ba. Na shiga sito na ɗauko kwanon daga bayan kwalabe, na wanke ƙurar, na zuba ruwa da ƙanƙara. Ya fara naɗe hannun riga. Na ajiye kwanon a gabana, ba a gabansa ba, na tsoma nawa hannun.

Sanyin ya ratsa ni har haƙora. Ban san haka yake da ciwo ba, kuma mutumin nan sau talatin yake yi a rana bai taɓa yin ko tsaki ba. Can na ji muryarsa yana ƙirgawa, a hankali, daga inda ya kiyasta na kai. Da ya kai sittin ya miƙo mini tawul.

"Goge sosai. Jira. In kin fara jin kamar ana tsira miki allura, to lokaci ya yi. Rufe idonki."

Dakta ta ɗora mini zubi a tafi. Ban ji komai ba sai santsi. Na ce masa ban ji komai ba. Ya ce ina dannawa da yawa, sai ya ɗora babban yatsansa a bayan nawa don ya nuna mini nauyin da ake sakewa. Rabon da ya riƙe hannuna tun ina ƙarama yana tsallakar da ni titi. Hannun yana da ɗumi, kuma shi ma ya ji hakan, nan take ya janye don kada ya ɗumama nawa. Da baki ya ƙarasa, yana cewa gaba kaɗan, sassauta, tsaya.

Zubin ya narke a hannuna kafin in kai yatsa na uku. Na buɗe ido na ga tafina ya yi toka-toka, hawaye ya hana ni ganin sauran. Baba ya ja kujerarsa kusa da tebur, ya ce wa Dakta a ware masa duk zubin da aka jefar, da su za a koya, kuma ba zai yarda a tsoma hannu fiye da sau biyar a rana ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Ki gaya wa innarki ta fito mini da farar rigar. Kuma gobe kada ki makarar da ni."